Yadda Ake Zaɓen Wuƙar Komai-da-ruwanka ta Aljihu

Tambaya: Ina son in sayi irin kayan aikin nan na aljihu da ke haɗa wuƙa da filaya da sukuddireba da almakashi a jiki ɗaya, domin hidimar yau da kullum a wurin aiki da kuma ƙananan gyare-gyaren gida. Na ga wata an ce tana ɗauke da kayan aiki 18, wata 33, wata kuma ƙarfen wuƙarta ake ta yabo. Da me zan auna su, kuma tsakanin Leatherman da Victorinox da sauran kamfanoni, wacce ta fi?

Amsa: Ɗan'uwa, na yi shekaru ina yawo da irin waɗannan kayan aiki, ina wasa su, ina tsabtace su, ina kuma gyara wa mutane nasu, kuma abin da na fi gani shi ne cewa wanda ya yi nadamar sayen komai-da-ruwanka ba kasafai yake nadama don ta karye ba. Yawanci nadamarsa ita ce ta yi masa nauyi, ya yi mako biyu yana ɗauka da ɗoki, daga nan ya ajiye ta a aljihun tebur, ranar da bukata ta taso kuma tana gida shi yana wani wuri. Saboda haka ma'aunin da nake fara sa wa kowace irin wannan wuƙa shi ne ko mutum zai yarda ya ɗauke ta kullum ba tare da ya ji ta dame shi ba. Sunan kamfani da yawan 'ya'yan da ke cikinta da irin ƙarfenta duk suna da muhimmanci, amma a bayan wannan suke zuwa.

Shawarata ta farko ita ce ka jinkirta sayen na kwana goma sha huɗu. A cikin waɗannan kwanaki, duk lokacin da ka nemi wani kayan aiki ka rasa, ko ka yi amfani da makulli wajen yanka selotef, ko da tsabar kuɗi wajen murɗa sukuru, ko da haƙori wajen tsinka zare, sai ka rubuta. Idan kwanakin suka cika za ka ga abubuwa uku ko huɗu ne ke ta maimaita kansu, kuma su ne ainihin abin da za ka saya. Mafi yawan masu aikin ofis da na san sun yi wannan gwaji sun tarar da cewa yanka kwali, da almakashi, da sukuddireba mai baki huɗu da ake kira Phillips ne suka cika takardarsu. Masu hulɗa da injuna da kekuna da wayoyi kuwa, filaya ce ke fitowa a tasu kusan kowace rana.

Wannan ya kawo mu ga babbar mararraba, domin kayan nan gida biyu ne, kuma kowane gida an gina shi a kan abu ɗaya ne sannan aka jingina masa sauran. Gida na farko shi ne na wuƙar sojan Suwizalan. Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach a 1884, ya fara kai wa rundunar sojan ƙasar wuƙaƙe a 1891, sannan a 1897 ya yi rajistar wuƙar hafsoshi, wadda ita ce kakar jajayen wuƙaƙen Victorinox da ake gani a yau. Tun asali wuƙar aljihu ce da aka ƙara mata mabuɗin gwangwani da sukuddireba da basilla, don haka siririya ce, sumul take, kuma tana kwanciya a aljihu ba ta cin tufa. Gida na biyu ya zo ne daga baya ƙwarai. A 1975 wani Ba'amurke mai suna Tim Leatherman yana zagaya Turai da matarsa cikin tsohuwar mota ƙirar Fiat da ke yawan lalacewa, wuƙar aljihunsa tana yi masa komai sai dai riƙe noti da lanƙwasa waya. Da ya koma Portland ta jihar Oregon ya shafe shekara takwas yana fama da zanen filaya mai naɗewa, har a 1983 kamfaninsa ya fara sayar da ita da sunan PST. A wannan gida filaya ce uwa, wuƙa da zarto da sauransu 'ya'ya ne da ke ɓuya a cikin ƙotocinta biyu.

Ka ga ke nan tambayar da ta riga "wane kamfani" ita ce ko kana bukatar filaya ta gaske. Idan takardarka ta kwana goma sha huɗu ta nuna riƙe ƙaramin noti, zare ƙusa, lanƙwasa ko yanka waya, ɗaukar abu mai zafi, to gidan filaya za ka shiga, kuma kada ka yaudari kanka da 'yar ƙaramar filayar da ke cikin wasu wuƙaƙen Victorinox masu tsawon milimita 91, domin ita ta fi kusa da hantsaki mai ƙarfi: tana cire ƙaya, tana kama ƙaramin abu, amma ba ta kwance noti. Idan kuwa filaya ba ta fito a takardar ba sai sau ɗaya, to za ka riƙa ɗaukar giram ɗari ko fiye na ƙarfen da ba ka amfani da shi, alhali wuƙar Suwizalan za ta biya maka bukata da rabin nauyin.

Bari in sa maka alƙaluma a kan batun nauyi, domin a hoto duk kusan girma ɗaya suke. Ƙaramar Victorinox Classic ta jikin makulli giram 21 ce. Super Tinker, mai wuƙa biyu da almakashi da sukuddireba Phillips, ba ta kai giram 90 ba. Leatherman Skeletool, wadda aka rage mata komai sai filaya da wuƙa da sukuddireba da mabuɗin kwalba, giram 142 ce. SwissChamp ta Victorinox, mai ayyuka 33 da ka ambata, giram 185 ce, kuma kaurinta ya wuce santimita 3. A cikin masu filaya, Rebar ta Leatherman kimanin giram 190 ce, SwissTool Spirit ta Victorinox kimanin 210, Wave+ ta Leatherman mai kayan aiki 18 giram 241, babbar SwissTool kimanin 290, Surge ta Leatherman kuma 335. A gwajina, duk abin da bai kai giram 100 ba mutum yana mantawa da shi a aljihu. Daga 100 zuwa 150 ana jurewa, musamman idan akwai ɗan maƙalin da ke kama bakin aljihu ya hana ta kwanciya a gicciye a ƙasa. Da zarar an haura 200 kuwa, kube ake bukata a jikin bel, ko kuma a bar ta a jaka. Ka tambayi kanka da gaskiya ko irin tufafin da kake sawa wurin aiki za su karɓi kube. Idan ba za su karɓa ba, rabin jerin da ke gabanka ya riga ya fita daga lissafi.

Yawan kayan aiki da ake bugawa a jikin kwali kuwa, kada ka ba shi nauyin da bai kai ba. Ba ƙarya kamfanoni suke yi ba, sai dai ayyuka suke ƙirgawa, ba guntayen ƙarfe ba. A cikin 18 na Wave+, kan filaya kaɗai ya ɗauki biyar: tsinin baki, da faffaɗan wurin riƙo, da mayankin waya, da mayankin waya mai tauri, da wurin matse kan wayar lantarki. Mabuɗin gwangwani da na kwalba abu ɗaya ne, magagari kuma an ƙirga shi biyu saboda fuskokinsa biyu. A cikin 33 na SwissChamp akwai zoben rataya makulli da tsinken sakace da 'yar allura da biro. Kowanne yana da ranarsa, amma bai kamata a kwatanta 33 da 18 a ce waccan ta ninka wannan amfani ba. Kowane ɗa da aka ƙara yana ƙara kauri, kuma ƙota mai kauri tana wahalar da yankan da ke bukatar natsuwar hannu.

Idan gidan filaya ka zaɓa, a nan ne ya kamata ka daɗe kana dubawa. Ka rufe bakin filayar ka ɗaga ta wajen haske: tsinin ya kamata ya haɗu daidai, har ya iya kama gashi ɗaya ko gefen takarda ba ta zame ba. Ka riƙe ƙotocin biyu ka girgiza su gefe da gefe, idan gaɓar tana da lilo tun tana sabuwa, ƙaruwa zai yi. Sannan ka matse ta da dukan ƙarfinka, ka ji abin da tafin hannunka zai gaya maka. Tsofaffin ƙira, irin PST ta farko, idan aka buɗe su buɗaɗɗen gefen ƙota ne ke fuskantar hannu, kaifin bakinsa yana shiga tafi, sai mutum ya sassauta matsa tun kafin aikin ya kammala. Tun da aka fito da Wave a 1998 da ƙotoci masu lanƙwasasshen gefe, yawancin ƙira masu kyau sun magance wannan, amma har yanzu ana samun matsalar a masu araha.

Mayankin waya shi ne wurin da filaya ta fi saurin mutuwa. Idan an ƙera shi a jikin muƙamuƙin kai tsaye, ranar da aka datse ƙusa ko wayar sifirin da shi sai ya yi giɓi, giɓin ya riƙa sarƙewa, filayar ta daina buɗewa da sauƙi. Shi ya sa nake fifita wadda mayankinta ake kwancewa da sukuru a sa sabo, kamar yadda aka yi wa Wave+ tun 2018, haka ma Rebar da Surge. Wasu daga cikin ƙirar MP600 ta kamfanin Gerber suna da mayanki mai kusurwa uku na ƙarfen kabaid, idan gefe ɗaya ya dakushe a juya zuwa na gaba, sai dai kabaid yana da tauri mai haɗe da gautsi, yana iya ɓallewa idan aka murɗa maimakon a datse. Ko wacce ka saya, waya mai tauri a can gindin mayanki ake sa ta, kusa da gaɓa, inda ƙarfin matsa ya fi taruwa. Kuma filaya mai naɗewa an yi ta ne don matsa, ba don murɗa gefe ba. Yawancin muƙamuƙan da aka kawo mini a karye, an kama wani abu ne da tsinin baki aka juya shi kamar sifana.

Hanyar buɗe filayar ita ma ta bambanta. Mafi yawa ana buɗe ƙotocin ne kamar fukafukai da hannu biyu. Gerber ta yi suna da filayar da ke zamowa daga cikin ƙota, a yarfa hannu sau ɗaya ta fito ta kulle, abin da ke da amfani ga wanda ke kan tsani ɗaya hannun yana riƙe da wani abu, ko da yake irin wannan tana da ɗan sako-sako da ƙara a jiki. Kamfanin SOG yana sa haƙoran giya a gaɓa don ninka ƙarfin matsa, amma sai an ware ƙotocin sosai kafin bakin ya buɗe da faɗi, wanda ke wahalar da mai ƙaramin hannu. Akwai kuma masu sifirin da ke buɗe baki da kansu, irin Wingman, masu daɗin aiki idan ana kama ƙananan abubuwa ana saki a jere.

Abu na gaba da ke raba mai kyau da mai gajiyarwa shi ne yadda ake kaiwa ga wuƙa. Wuƙa ce za ka fi buɗewa a rana, don haka idan sai ka ware filaya, ka tono wuƙar da farce, ka sake naɗe ƙotoci kafin ka yanka igiya, a hankali za ka daina amfani da ita. A Wave+ da Skeletool da Surge wuƙar tana waje, babban yatsa ɗaya ya isa buɗe ta. A Rebar tana ciki. SwissTool ta Victorinox, wadda ta fito a 1997, dukan 'ya'yanta daga waje ake buɗe su kuma kowanne yana da sifirin ɗinsa, saboda haka idan ka jawo ɗaya sauran ba sa biyo shi a dunƙule, kuma a wajen santsin ƙira da rashin kama tsatsa ban ga wadda ta fi ta ba. Farashin wannan santsi shi ne sifirin ɗin yana da ƙarfi, yana son farce mai ƙwari, ga shi yawancinsu sai da hannu biyu. Jerin Leatherman Free da ya fito a 2019 ya bi wata hanyar, mayen ƙarfe ne ke riƙe 'ya'yan, ana tura su da yatsa ba sai da farce ba, amma mayen ƙarfe yana jawo garin ƙarfe, wanda mai aikin goge ƙarfe zai riƙa sharewa.

Sukuddireba ita ce abin da masu saye suka fi rainawa, ita ce kuma ta fi ba su kunya daga baya. Abubuwa uku nake dubawa. Na ɗaya tsawo: yawancin sukurorin kayan lantarki da na wasan yara a cikin rami suke, gajeruwar sukuddireba mai kaurin gindi ba ta kai musu. Na biyu siffar baki: Phillips ta gaske mai fukafukai huɗu cikakku ta fi wadda aka shafe ta zama faffaɗa don ta shiga ƙota, domin shafaffiyar tana zamewa ta cinye kan sukuru idan ya yi tauri. Na uku kulle: sukuddirebar da ba ta kullewa tana iya naɗewa a kan yatsu lokacin da ka danna da ƙarfi. Sai kuma batun kawuna masu sauyawa. Leatherman tana amfani da nata shafaffun kawuna, marasa nauyi da cin wuri, amma idan ɗaya ya ɓata sai ka nemi irin nasu. Gerber Center-Drive tana karɓar kan da aka saba da shi ko'ina, mai kusurwa shida da faɗin kwatan inci, wato milimita 6.35, kuma an daidaita sandarta da tsakiyar ƙota yadda za ta juya kamar sukuddirebar gaske. Ga mai yawan haɗa kujeru da tebura na zamani ko gyaran keke, inda sukurori masu rami mai kusurwa shida suka yi yawa, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci. A wuƙaƙen Suwizalan, Phillips da ke bayan ƙota tana ba da ƙarfin murɗa saboda riƙon ya zama kamar harafin T, amma ba ta shiga lungu.

A almakashi, Victorinox ce nake sa wa gaba, domin nata yana yanka zare da yadi da farce har zuwa tsini ba ya taunawa. Ka gwada kowane almakashi da siririn leda ko ƙyalle, kada ka gwada da takarda, domin takarda kowane almakashi yana yanka ta. Zarto yana aiki fiye da yadda girmansa ke nunawa, amma mazaunin birni zai iya shekara bai buɗe shi ba. Magagari mai fuskar lu'ulu'u yana gyara bakin wani kayan aikin da ya dakushe. Basilla kuwa, ko da ba a cika ambatonta ba, tana huda fata da roba, tana fara ramin sukuru a katako, tana kankare datti, kuma duk aikin da ta ɗauka wuƙarka ce ta tsira daga gare shi.

Yanzu ga batun ƙarfe, wanda masu talla suka fi ɗaga murya a kansa. Ƙarfen da ake kira mara tsatsa shi ne wanda ke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma sunan ya zarce gaskiya kaɗan, domin gumi da ruwan gishiri suna sa shi tsatsa idan aka yi sakaci. Yawancin wuƙaƙen Leatherman da 420HC ake yin su, Victorinox kuma tana amfani da ƙarfe mai taurin kimanin 56 a ma'aunin Rockwell. Dukansu ba sa daɗewa da kaifi sosai idan ana yanka kwali da yawa, amma suna jure wahala ba su ɓalle ba, kuma minti biyu a kan dutsen wasa wuƙa ya isa ya dawo da su. Sama da su akwai 154CM a Skeletool CX, da S30V mai sinadarin banadiyam a Charge+ TTi, da MagnaCut da masanin ƙarfe Larrin Thomas ya tsara, aka fara sayarwa a 2021, Leatherman kuma ta sa shi a ARC a 2023. Waɗannan suna riƙe kaifi na tsawon lokaci, gaskiya ne, sai dai idan sun dakushe suna neman dutsen lu'ulu'u da haƙuri. Ka kuma lura cewa babbar wuƙar kaɗai ake yi da ƙarfen mai daraja, filaya da almakashi da sauran 'ya'ya na talakan ƙarfe ne kamar na kowa. Ra'ayina shi ne, ga mai yanka abu biyar ko goma a rana, ƙarin kuɗin ya fi amfani idan aka sa shi a dutsen wasa mai kyau aka koyi riƙe kusurwar kimanin digiri 20 a kowane gefe. Wanda ke yanka igiya ko kwali daga safe zuwa yamma shi ne zai ga bambancin a hannunsa.

Akwai abin da ke iya soke duk wannan lissafi, wato doka. Ƙasashe sun bambanta ƙwarai a kan wuƙar da aka yarda mutum ya ɗauka a bainar jama'a, kuma abubuwan da muka yaba a sama, kulle da buɗewa da hannu ɗaya, su ne dokoki suka fi sa wa ido. A Ingila, dokar 1988 ta yarda a ɗauki wuƙa mai naɗewa ba tare da bayar da dalili ba idan kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, kotuna kuma sun yanke cewa wuƙa mai kullewa ba ta cikin wannan rangwame. A Jamus an hana yawo da wuƙar da ta haɗa kulle da buɗewa da hannu ɗaya sai da dalili karɓaɓɓe. Wannan na cikin abin da ya sa wuƙaƙen Suwizalan marasa kulle suke da kasuwa har yau, Leatherman ma ta fito da Bond wadda wuƙarta ba ta kullewa, da kuma Rebar marar wuƙa gaba ɗaya. Ka binciki dokar inda kake zaune da ƙa'idar wurin aikinka kafin ka biya. A tafiyar jirgin sama kuwa, ka sa ta a akwatin da ake aunawa. A Amurka ba a barin kowace wuƙa mai kaifi a jakar hannu komai ƙanƙantarta, kuma a sauran wurare ma jami'in tsaro ne ke da ta cewa a bakin ƙofa.

Gargaɗi ɗaya nake so ka riƙe da muhimmanci. Komai-da-ruwanka ƙarfe ce, ba ta da rufin kariya daga wutar lantarki. Kayan aikin masu gyaran lantarki ana gwada su ne a buga musu alamar bolt 1000, wannan kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan kariya. Kada ka taɓa wayar da ba ka kashe wutarta ka kuma tabbatar ta mutu ba, ko da a jikin kwalin an rubuta cewa tana feɗe waya.

Wajen saye, gani ya kori ji. Idan da hali ka riƙe ta a hannu, ka buɗe kowane ɗa ka rufe, ka danna bayan wuƙar a hankali bayan ta kulle ka ji ko tana motsi, ka duba ko tana zaune a tsakiya ba ta gugar maƙwabciyarta idan an rufe. Fitattun ƙira irin Wave da jajayen wuƙaƙen Suwizalan suna da jabu masu yawa, kuma ana gane su ta rubutu mara tsabta, gefuna masu kaushi, da sifirin mara ƙarfi. Garanti ma ma'auni ne: Leatherman tana ba da na shekara 25, Victorinox kuma na tsawon rayuwar kayan a kan aibin ƙarfe ko na ƙira, amma babu wanda ya shafi ɓata ko ganganci, kuma amfaninsa ya danganta da ko kana da hanyar aika kayan ga wakilinsu. Ban ce duk mai araha banza ce ba. Akwai kamfanonin Sin da ke ƙera masu kyau da sunansu na kansu, kuma irin wannan hanya ce mai hankali ta gano ko za ka jure ɗaukar filaya kullum kafin ka sa kuɗi mai yawa. Wadda nake hana ka ita ce marar suna da ake rabawa kyauta a matsayin talla, domin kullenta ba abin dogara ba ne, kuma wuƙar da kullenta ke saki ta fi marar kulle haɗari, tunda mai ita ya saki jiki.

Ga abin da zan yi da ina matsayinka, bisa bayanin da ka bayar na aikin ofis da gyaran gida. Zan raba bukatar gida biyu. A aljihu zan sa wuƙar Suwizalan mai milimita 91 da ke da almakashi da Phillips, irin Super Tinker, domin ba ta da nauyi, ba ta tsorata abokan aiki idan an fito da ita, kuma ta fi sauƙin dacewa da doka. A jaka ko a mota zan ajiye mai filaya cikakkiya, Wave+ idan ina son buɗewa da hannu ɗaya da mayanki mai sauyawa, ko SwissTool Spirit idan na fi damuwa da santsin aiki da juriyar tsatsa. Idan kuwa dole guda ɗaya ce, kuma takardar gwajinka ta nuna filaya sau da yawa, Skeletool ce mafi nauyin abin da na ga mutane suna ci gaba da ɗauka a aljihu bayan ɗoki ya wuce, muddin za ka iya haƙura da rashin almakashi. Gyaran gida mai nauyi, irin famfo da manyan notuna, ka bar wa sifana da cikakkiyar filaya a akwatin kayan aiki.

Kulawa da ita ba ta da wuya. Lokaci-lokaci ka buɗe 'ya'yan duka, ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori don fitar da audugar aljihu da ke taruwa a gaɓoɓi, ka bar ta ta bushe sarai a buɗe, sannan ka ɗiga man inji mara kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ka goge ragowar, domin mai da ya yi yawa ƙura yake tarawa. Idan kana yanka abin ci da wuƙar, ka yi amfani da man da aka yarda ya taɓa abinci. Kada ka bar ta a jiƙaƙƙen kuben fata. Kuma kada ka ɓamɓare murfin gwangwanin fenti da tsinin wuƙa. Ni da kaina na karya tsinin wata wuƙa mai kyau a haka a farkon shekaruna, na kwashe yamma guda ina sake fitar mata da baki a kan dutse, ta kuma ragu da kusan rabin santimita, alhali babbar sukuddireba mai faffaɗan baki da ke kusa da ita a cikin ƙota ɗaya ita ce ta dace da wannan aikin.